Guarantee: Kalmar da Ke Ɗora wa Mai Faɗinta Nauyi

A Ingilishi, aikatau guarantee na nufin mutum ya ba da tabbacin cewa abu zai faru, kuma ya ɗauki nauyin abin da zai biyo baya in bai faru ba. Ita ce Hausawa suka ara suka mayar garanti, wadda mai sayen janareto ko wayar hannu ke tambaya kafin ya ƙirga kuɗi.

Tushenta yana cikin harshen Farankawa, ɗaya daga cikin al'ummun Jamusawan dā. Daga can ta shiga tsohon Faransanci a matsayin garantir, wato kare mutum ko tsaya masa, sannan ta shiga Ingilishi ta ƙofa biyu. Normandawan da suka ci Ingila a 1066 suna furta ta da w, daga bakinsu aka sami warrant da warranty. Faransancin Paris kuwa da g yake furta ta, shi ya haifi guarantee. A ƙarni na 17 kalmar tana matsayin suna, sunan wanda ya tsaya wa wani; sai a ƙarshen ƙarni na 18 ta zama aikatau.

Masu tsaurin ra'ayi kan harshe na kukan cewa 'yan talla da 'yan siyasa sun zubar mata da daraja, wai bai kamata a furta ta ba sai inda akwai takarda da diyya. Gaskiya ne dokar Ingila ta 1677, Statute of Frauds, ta ce lamunin bashin wani ba ya tsayuwa a kotu sai a rubuce da sa hannu. Amma wannan ƙa'idar kotu ce, ba ta taɓa ɗaure bakin masu harshen ba.

Ƙarfin kalmar yana fitowa ne in an ajiye ta kusa da promise. Wanda ya yi alkawari galibi yana magana ne kan abin da shi da kansa zai aikata: zai zo, zai biya. Wanda ya ba da garanti kuwa yakan tsaya wa abin da ba ya hannunsa: injin da wani ya ƙera, bashin da wani ya ci, wasan da mutane da yawa za su buga. Haka zancen ke tafiya da mutum uku, kamar dillalin da ke gaya wa mai sayen saniya cewa in ta ƙi, a nemo shi, ba mai ita ba. Masanin falsafa John Austin, a littafinsa na 1962, ya nuna cewa akwai kalmomin da furta su shi ne aikata su. Guarantee tana cikinsu, muddin mai magana ya faɗe ta da bakinsa a kan kansa. In aka ce wane ya ba da garanti, labari ne kawai.

Misalin da Amurkawa suka fi tunawa shi ne na Joe Namath, ɗan wasan ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta New York Jets. A Janairun 1969, kwana uku kafin wasan ƙarshe na Super Bowl, ya ba da garanti a bainar jama'a cewa za su doke Baltimore Colts, alhali kusan kowa ya ba Colts nasara. Jets suka ci 16 da 7. Babu takarda, babu diyya, amma da sun faɗi, da sunansa ya zama abin dariya. Abin da ya jingina ke nan, mutuncinsa, kuma jingina ce cikakkiya.

Inda kalmar ke rauni da gaske shi ne a sigar guaranteed da ake mannawa a jikin kwali ko allon talla, domin ta ɓoye wanda ya tsaya. Ma'aunin amfani da ita daidai, a kasuwa ko a siyasa, shi ne a san wanda za a tuhuma da abin da zai rasa in maganar ta ƙi.