Jinjina ga Telolin Fagge

Ɗinka wa ɗan shekara biyu kayan sallah sai mai haƙuri. Yaron ba ya tsayawa a auna shi, wuyan rigar kuma ɗan ƙarami ne, dole a bi shi da keke a hankali. Duk da haka telolin Fagge sukan karɓi shaddar da uwa ta yanko a Kantin Kwari, su kwana kan keke a goman ƙarshe na azumi, ga rashin wuta, ga masu kaya tsaye a bakin shago. Har ninki sukan bari a ƙafar wando don ya kai babbar sallah. Allah ya saka musu da alheri.

Cikin kayan nan ake kai yaro gaida kakanni, a ba shi barka da sallah. Cikinsu babansa ke saɓa shi a kafaɗa ranar Hawan Nassarawa, ya ga dawaki da 'yan lifidi idan sarki ya ratso Sabon Gari, ɗaya daga cikin hawan sallar da UNESCO ta karrama a 2024.

Disamba na kamawa, iyalan Sabon Gari kuma su kawo wa telolin atamfofin Kirsimeti na nasu yaran.