Robar Bawul da Hayaƙin Safiya a Garejin Jos

Bakaniken da ya daɗe a Jos ya iya karanta hayaƙin salansa. Garin yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma a Disamba da Janairu sanyin asuba kan sa kusan kowace mota ta yi farin tururi. Wannan ba ciwo ba ne, da inji ya ɗumama zai wuce. Abin dubawa shi ne hayaƙi shuɗi mai ƙaurin baƙin mai, wanda ke turnuƙewa idan an tayar da motar da ta kwana, jim kaɗan ya ɗauke. Galibi laifin robar bawul ne, 'yar robar da ke zaune a bakin bututun da sandar bawul ke kai-komo a ciki. Aikinta ta bar ɗan mai ya jiƙa sandar, ta tare saura. In zafi ya busar da ita ta ƙandare, mai ya dinga tsiyaya cikin silinda har gari ya waye.

Hanyoyin Filato ma suna taya bakanike bincike. Direban da ya gangaro Hawan Kibo da giya, ƙafarsa ba ta kan totur, injinsa na zuƙar mai ta kafar da robar da ta ƙandare ta bari. Yana taka totur a ƙasa sai hayaƙi ya tashi. Ciwon ringin fistan kuwa a hawa yake nuna kansa, lokacin da mota ke jan kaya. Tsofaffin kanikawa kan tambayi direba, "Maigida, a hawa take yi ko a gangara?" Wannan tambaya ilimi ce na gaske, ta kuma ceci mutane da yawa daga sauke inji a banza.

Inda al'adar ta gaza shi ne bayan an buɗe top, wato kan inji inda bawul suke. Yawanci mota ce ta tafasa, gasket ya ƙone, hankalin kowa na kan gasket da gyaran fuskar top. Injin silinda 4 mai bawul 16 roba 16 yake buƙata, kuma zafin da ya ƙona gasket bai bar su lafiya ba. Duk da haka akan mayar da tsofaffin, ko a aiki yaro kasuwar Dilimi ya sayo mafi araha. A ido kusan ɗaya suke, amma roba ta gama-gari ba ta jure abin da ya wuce digiri 120, alhali irin Viton tana kaiwa wajen 200. A ɓangaren bawul ɗin salansa, inda zafi ya fi tsanani, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Sai kuma hannu. A gareji da yawa, a Farin Gada ko wani wuri, za ka ga yaro ya kifa soket a kan sifirin, ya maka masa guduma, kotar da ke riƙe sifirin a jikin sandar bawul ta yi tsalle ta faɗa cikin yashi. Da wannan soket ɗin zai buga sabuwar roba, a bushe, ta bi ta kan tsagin sandar mai kaifi, leɓenta ya yage tun ba a tayar da mota ba. Ba ganganci ne ya sa shi ba, haka ya ga ana yi. Gyaran kuma ba ya cin kuɗi: a naɗe tsagin da 'yar leda, a shafa mai, a danna a hankali har ta zauna daidai. Kafin nan oga ya kama bawul da yatsu biyu ya girgiza, domin in bututun ya cinye yana rawa, sabuwar roba ba za ta daɗe ba.

Top ɗin Beljiyam ya fi damuna. Ana ɗora shi yadda ya zo, don an ce na waje ne, alhali robobinsa sun yi shekaru suna aiki a Turai, suka ƙara wasu watanni a ajiye. A cire bawul, a duba bututu, a sa sabuwar roba tun yana kan benci, kafin a ɗaure shi a kan inji.