Aske gashin hannu ba ya nuna ingancin wuƙa

Idan babbar sallah ta matso, ka leƙa wajen masu wuƙaƙe a Gwarzo ko Kabo ko kasuwar Getso. Mai sayarwa zai ɗan aske gashin hannunsa, ya ce maka ka ga ƙarfe. Wannan gwaji ban yarda da shi ba. Ko rodin gini aka buge aka wasa, zai yi aski a ranar farko. Abin da kake biya wa kuɗi shi ne yadda bakin zai kasance bayan an feɗe rago, ko ya haɗu da ƙashi.

Abu biyu ake nema a ƙarfen wuƙa, kuma kishiyoyi ne. Tauri ke riƙe kaifi. Juriya ke hana baki yin giɓi ko karyewa. Ka ƙara tauri, gautsi ya ƙaru.

Maƙerin da ke neman sifirin ɗin mota ya san abin da yake yi. Irin wannan ƙarfe, kamar mai lamba 5160, yana da kabon kusan kashi 0.6 cikin 100, wanda ya isa ya yi tauri ba tare da ya rasa juriya ba. Rodi galibi bai kai haka ba, shi ya sa yake saurin dakushewa. Amma sifirin ma sai an iya masa wuta. A gasa shi ya wuce digiri 800, a tsoma a mai, sannan a sake ɗumama shi wajen digiri 200 har ya yi launin kara. Wannan ɗumamawa ta biyu ita ce ba a gani a ido ranar ciniki. In aka tsallake ta, wuƙar za ta yi aski tsaf, ta kuma ɓalle a kan ƙashin farko.

To masu rubutun Stainless a jiki fa? Rubutun yana nufin akwai kuromiyam aƙalla kashi 10.5, ba za ta yi tsatsa da wuri ba. Shi ke nan. Bai ce komai a kan kabon ba, kuma masu araha galibi kaɗan gare su.

A Sheffield ta Ingila, cibiyar CATRA ta ƙera na'urar da ke sa wuƙa ta yi ta yankan kati mai garin yashi, ana auna yadda kaifin ke raguwa. Larrin Thomas, masanin ƙarafa a Amurka, ya yi gwaji da ita, ya nuna cewa siririn baki ya fi daɗewa yana yanka. Sai dai kati ba ƙashi ba ne, nan ma gwajin ya gaza.

Saboda haka mai yankan kilishi da mahaucin da ke sara ba wuƙa ɗaya suke bukata ba. Na farko ya nemi mai tauri da siririn baki. Na biyu gara masa mai kauri da ɗan taushi, ko da zai riƙa komawa dutsen wasawa kullum.