Abin da Zweig Bai Gani Ba a Vienna

Ƙarni na ashirin ya haifi wani rukunin littattafai masu kama da juna: marubuci ya tsufa a ƙasar da ba tasa ba, sai ya ɗauki alƙalami ya sake gina birnin da ya rasa, birni mai harsuna barkatai da gidajen wasa da shagunan littattafai, wanda zazzafan kishin ƙasa ya zo ya tarwatsa. Czesław Miłosz ya yi wa Wilno haka a littafin da ya fitar a 1959, André Aciman ya yi wa Iskandariyyar Masar haka a Out of Egypt a 1994. Amma uban tafiyarsu shi ne Die Welt von Gestern, wato Duniyar Jiya, na Stefan Zweig, Bayahuden Vienna da aka haifa a 1881. Ƙorafin da aka fi yi a kan irin waɗannan littattafai shi ne kukan 'ya'yan masu hali ne, waɗanda suka ɗauki jin daɗin gidansu a matsayin halin da duniya take ciki. Ƙorafin gaskiya ne. Sai dai a ganina darajar littafin Zweig tana cikin wannan aibin nasa, domin ya adana mana yadda masu ilimi da wayewa suke zama kusa da halaka ba tare da sun gane ta ba.

Yanayin da aka rubuta littafin yana da muhimmanci wajen auna shi. Zweig ya bar gidansa na Salzburg a 1934, bayan 'yan sanda sun shiga sun yi bincike da sunan neman makamai. Kafin nan an riga an ƙona littattafansa a Jamus a 1933. Ya zauna a Landan, ya koma Bath, ya tsallaka Amurka, inda ya rubuta mafi yawan littafin a 1941, sannan ya ƙarasa a Petrópolis ta Birazil. Shi da kansa ya faɗa cewa ya yi rubutun ne ba ya tare da takardunsa, ba wasiƙun abokai, ba littattafansa. A watan Fabrairu na 1942 ya aika wa mawallafi rubutun, washegari shi da matarsa Lotte suka kashe kansu, aka buga littafin a Stockholm a wannan shekarar. Mutumin da ya yi rubutu cikin wannan hali ba tarihi yake haɗawa ba, ta'aziyya yake yi, kuma mai ta'aziyya ba ya lissafa laifukan mamaci.

To, dubi Viennar da ya zana. Gidan shan gahawa ne makarantar gaske: da kuɗin kofi ɗaya saurayi zai zauna sa'o'i yana karanta jaridun Jamus da Faransa da Ingila da Italiya, yana gardama a kan sabuwar waƙa. 'Yan makaranta suna ɓoye waƙoƙin Rilke a cikin littafin darasi, suna tare 'yan wasa a hanya don neman sa hannu. Ranar da shahararriyar 'yar wasan Burgtheater Charlotte Wolter ta rasu, mai dafa abincin gidansu Zweig ta shigo ɗaki tana hawaye, alhali ba ta taɓa taka ƙofar gidan wasan ba. Zweig ya kawo wannan labari ne don ya nuna cewa son fasaha ya ratsa kowane gida a birnin. Mai karatu da ya natsu zai ga wani abu dabam: matar nan ta shigo littafin ne kawai don ta yi kuka a kan abin da iyayen gidanta suke so. Daga wane ƙauye ta fito, da wane harshe take magana da mahaifiyarta, nawa ake biyanta, babu ko ɗaya. Haka yawancin talakawan birnin mai mutum miliyan biyu suke a littafin. Ba a jin ɗuriyar leburorin Cek masu yin bulo a Wienerberg, waɗanda Victor Adler ya tona asirin baƙin zamansu a 1888, ko masu hayar gado na 'yan sa'o'i a ɗakin wani saboda tsadar muhalli. A gidan kwanan marasa galihu na wannan birnin ne Adolf Hitler ya zauna daga 1910 zuwa 1913.

Hannah Arendt ce ta fi kowa zafafa wannan suka, a sharhin da ta rubuta a 1943. Ta ce Zweig ya fake a bayan shahara, ya ɗauki siyasa a matsayin ƙazantar da ba ta dace da mutumin kirki ba, har ya zama abin da ya same shi a ƙarshe ya ɗauke shi a matsayin wulaƙancin da aka yi wa shi kaɗai, ba bala'in da ya auka wa al'ummarsa ba. Hujjarta tana da ƙarfi idan aka duba yadda ya yi da Karl Lueger, magajin garin Vienna daga 1897 zuwa 1910, wanda ya hau mulki da ƙiyayyar Yahudawa, har sarki Franz Joseph ya yi ta ƙin tabbatar da zaɓensa. Zweig ya kwatanta shi da dattako da adalci a mulki, ya ce shi dai bai taɓa jin an tsangwame shi don yana Bayahude ba. Kuma wanda ya fara karɓar rubutunsa a jaridar Neue Freie Presse shi ne Theodor Herzl, mutumin da tun 1896 ya yanke cewa Yahudawa ba su da makoma a Turai.

Amma abin da sukar ta tsallake shi ne, daga ina muka san yawancin wannan? Daga Zweig. Shi ya kawo Lueger cikin littafin, shi ya kawo Georg von Schönerer, jagoran masu kishin Jamusanci, da ɗaliban da suke lakaɗa wa Yahudawa da Silabawa duka a harabar jami'a, shi ya ba da labarin rikicin 1897, lokacin da firaminista Badeni ya ba harshen Cek matsayi daidai da Jamusanci a ofisoshin Bohemiya, masu kishin Jamusanci suka cika titi har sarki ya sauke shi. Sannan ya amsa a fili cewa shi da tsaransa ba su kula ba, hankalinsu yana kan littattafai da zane-zane. Ke nan littafin yana ɗauke da murya biyu: ta saurayin da bai gani ba, da ta dattijon da ya san abin da ya biyo baya amma har yanzu zuciyarsa ba ta yarda ta tsani wancan zamanin ba. Masanin tarihi zai iya jera mana dalilan rushewar daular Habsburg, wadda Vienna ce babban birninta, fiye da Zweig sau goma. Abin da ba zai iya ba shi ne ya sa mu ji daga ciki yadda kwanciyar hankali take toshe ido, yadda mutum mai jin harsuna da yawa, abokin Romain Rolland da Émile Verhaeren, zai ɗauka cewa tunda marubutan Turai suna cin abinci tare, ƙasashensu ba za su yi yaƙi ba.

Akwai wurin da wannan kariya ba ta kai ba, kuma bai kamata a rufe shi ba. A babin 1914 Zweig ya nuna kansa a matsayin wanda zazzaɓin yaƙi bai kama sosai ba. Alhali a watan Satumba na shekarar ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙa a Berliner Tageblatt yana sallamar abokansa na ƙasashen abokan gaba har yaƙi ya ƙare, kuma ya yi aiki a ma'ajiyar takardun yaƙi ta Vienna, inda marubuta suke ƙawata labaran jarumtar sojoji. Adawarsa da yaƙi ta gaske ce, amma daga baya ta nuna, a wasansa Jeremias na 1917. Wannan ba makanta ba ce, gyaran fuska ne, kuma ciwo ne da ya zama ruwan dare a littattafan gudun hijira: marubuci yakan so ya nuna cewa kishin ƙasa daga waje ya zo, 'yan jagaliya suka kawo shi, ba a teburin masu ilimi aka dafa shi ba. Abin da ya biyo daga nan shi ne a karanta Zweig tare da wasiƙunsa da littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum, ba a jefar da shi ba.

Suka ta ƙarshe ta fi nauyi ga mai karatun da ƙasarsa ta taɓa zama ƙarƙashin wata. Abin da Zweig ya kira rushewa, Bacek da Bafolande sun kira shi 'yanci a 1918, kamar yadda Iskandariyyar da dangin Aciman suke kewa ta kasance birnin da baƙi suke da gatan da ɗan ƙasa ba shi da shi. Ba mai hankalin da zai ce a mayar da daula don gidan gahawa ya dawo. Sai dai littafin Zweig yana riƙe da wata tambayar da murnar 'yanci ba ta amsa ba: idan an raba daula gida-gida bisa harshe da jini, ina za a kai wanda bai shiga kowane gida ba? Mahaifin Zweig ɗan Morabiya ne, masaƙarsa tana Bohemiya, wadda ta koma cikin Cekoslobakiya. Mahaifiyarsa a Ancona ta Italiya aka haife ta. Harshensa Jamusanci ne, kuma masu wannan harshen ne suka ƙona littattafansa. Kafin 1914 ya je Indiya da Amurka ba tare da fasfo ba. Bayan Jamus ta haɗiye Ostiriya a watan Maris na 1938 fasfonsa ya mutu, ya koma roƙon takardar marar ƙasa a ofisoshin Landan, mahaifiyarsa mai shekara tamanin da 'yan kai kuma doka ta hana ta zama a bencin lambun da ta saba hutawa a Vienna. Da yaƙi ya ɓarke a watan Satumba na 1939, Ingila ta sa shi a jerin baƙi 'yan ƙasar abokan gaba, wato ta lissafa shi tare da waɗanda suka kore shi. A waɗannan shafukan babu mai zargin Zweig da ƙawata labari, domin a nan gatansa ya ƙare, ya shiga layin biza ɗaya da dubban mutanen da a babin farko bai ko lura da su ba.