Kuskuren da Ba a Goge Ba: Wasannin Rok Biyar da Muke Komawa Kallonsu a Gida

A cikin fim ɗin da ƙungiyar Pink Floyd ta yi a Pompeii akwai wani wuri da mai ganguna, Nick Mason, yana tsakiyar kiɗa sai sanda ta kuɓuce masa ta yi sama. Bai tsaya ba. Hannu ɗaya ya ci gaba da aiki, ɗayan ya zaro wata sandar, kiɗan ko tuntuɓe bai yi ba. Abin bai wuce ƙiftawar ido ba, amma ba mu san iya adadin lokutan da muka sa yatsa muka mayar da hoton baya don mu sake ganinsa ba. Da mai tace fim ɗin ya ga dama, da ya yanke wurin. Da ya yanke, da ya zubar da abin da ya fi tsaya mana a rai a cikin aikin duka.

Sana'armu rubuta manhaja ce. Wuni muke yi muna farautar kuskure domin mu kawar da shi kafin ya isa wayar mutane. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san bambancin manhajar da ake nuna wa manya a ɗakin taro da wadda aka saki ta shiga hannun jama'a. Ta farko an share mata hanya, ba a taɓa sai maɓallin da aka san zai yi aiki. Ta biyu kuwa ita ce ke nuna ko an iya. Haka waƙar situdiyo take da wasan da aka yi kai tsaye a kan dandamali. A situdiyo mawaƙi yana iya maimaita layi ɗaya sau hamsin. A dandamali dama ɗaya gare shi.

Saboda haka ma'auninmu a wannan sharhi ɗaya ne. Ba kaifin hoto muke nema ba, ba kuma yawan fitilu ba. Tambayar ita ce: shin faifan ya bar mu mun ga mutane suna aiki a lokacin da abin zai iya lalacewa a hannunsu? Kiɗan rok ba namu ba ne, a Amurka da Ingila ya girma, kuma ba salon rayuwar masu yinsa muka zo yabo ba. Aikin hannu da na murya muka zo dubawa, shi kuwa ba sai mutum yana jin Turanci zai gane shi ba.

Mu fara da na Pompeii ɗin. Wannan tsohon gari ne a Italiya wanda aman wutar dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 miladiyya. A watan Oktoba na 1971 darakta Adrian Maben ya kai mutanen Pink Floyd su huɗu cikin tsohon filin wasan garin, suka jera lasifikoki, suka yi kiɗa ba ɗan kallo ko ɗaya. Fim ɗin ya fito a 1972. Rashin 'yan kallon nan shi ne ƙarfinsa ga mai kallo a gida, domin babu wanda ya riga ka wurin zama, babu ihun da zai sanar da kai inda ya kamata ka ji daɗi. Kai da kiɗan ne kawai, da ƙura, da rana. Aibinsa kuwa shi ne ba duka aka ɗauka a Pompeii ba, an ƙarasa wasu waƙoƙin a wani situdiyo a Paris. Sannan fitowar faifan DVD ta 2003, wadda daraktan ya sake tacewa, an cusa mata hotunan sararin samaniya da zanen kwamfuta da suka tsufa tun ba a je ko'ina ba, alhali hoton 1971 yana nan da ransa. Wanda zai nema ya nemi tsohuwar tacewar, ko gyararren kwafin da aka fitar a 2025.

Na biyu shi ne The Last Waltz, wasan bankwana na ƙungiyar The Band, wanda aka yi ranar 25 ga Nuwamba 1976 a zauren Winterland da ke San Francisco. Martin Scorsese ne ya ba da umarni, fim ɗin ya fito a 1978. Manya sun hau dandamalin a daren: Bob Dylan, Joni Mitchell, Neil Young, Van Morrison, Eric Clapton, Muddy Waters. Masu sharhi da yawa suna sa shi a sahun farko. Mu kam da ɗan ja da baya muke yabonsa. An yi wa sautinsa gyara mai yawa a situdiyo bayan wasan, har wani lokaci abin da kunne ke ji ba lallai ne ya zama abin da hannu ya kaɗa a daren ba. Mai gangunan ƙungiyar, Levon Helm, ya koka a littafinsa na 1993 cewa kyamara ta tare a kan Robbie Robertson ta bar sauran a duhu. Wanda ya kalla da idon basira zai ga yana da hujja: Richard Manuel, mai ɗaya daga cikin muryoyin da suka fi daɗi a ƙungiyar, da ƙyar ake ganinsa.

Abin mamaki, wurare biyu da suka fi rai a fim ɗin duka ba a shirya su ba. Na ɗaya, lokacin da Muddy Waters ya hau yin Mannish Boy, kusan duk kyamarorin a kashe suke, guda ɗaya ce ta ci gaba da ɗauka. Don haka kusan waƙar gaba ɗaya ta kusurwa ɗaya muke ganinta, dattijo yana dukan iska da hannu, ba yanka ba tsalle. Na biyu, Clapton yana cikin kaɗa jita sai maratayinta ya kwance, nan take Robertson ya karɓi kiɗan daga inda ya tsaya har ya gyara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Hausawa, ga shi nan a fili cikin 'yan daƙiƙu.

Na uku ba fim ba ne, yanki ne na shirin talabijin: wasan Queen a taron Live Aid, ranar 13 ga Yuli 1985, a filin Wembley na Landan, gaban mutum kusan 72,000. Bob Geldof da Midge Ure ne suka shirya taron don tara kuɗin agajin yunwar da ta afka wa Habasha. Minti ashirin da ɗoriya kacal Queen suka yi, da yamma tun rana ba ta faɗi ba, babu fitilunsu, babu hayaƙinsu. Abin da ya rage sai Freddie Mercury, haifaffen Zanzibar, da sandar makirfo a hannu. Akwai inda ya dakatar da kiɗa ya riƙa jefa wa jama'a sauti suna mayar masa. Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan: amshi ne, sai dai 'yan amshin sun cika filin ƙwallo. A waƙar Radio Ga Ga kuma, idan kyamara ta hasko filin daga nesa, mai lura zai ga tafin yana tafiya kamar igiyar ruwa daga gaba zuwa baya. Dalili shi ne sauti yana tafiyar kimanin mita 340 ne a daƙiƙa guda, na baya suna jin bugun bayan na gaba sun ji.

A 2018 fim ɗin Bohemian Rhapsody ya sake gina wannan wasa daki-daki, har Rami Malek ya ci kyautar Oscar. Ku kalli biyun a jere. Na kwaikwayon ya fi kaifin hoto nesa ba kusa ba, amma kowa a cikinsa ya san yadda abin zai ƙare. A na ainihin, babu wanda ya sani. Sai dai dole a faɗi wata gaskiya game da taron kansa: an yi shi da sunan Afirka, amma da wuya ka ga mawaƙin Afirka a dandamalinsa. Daɗin minti ashirin ɗin nan bai goge wannan ba.

Na huɗu shi ne wasan Nirvana a shirin MTV Unplugged, wanda aka ɗauka ranar 18 ga Nuwamba 1993 a New York. Ƙungiyar da aka sani da ƙara da hargowa ta zauna a kan kujeru, ga furanni da baƙaƙen kyandirori kewaye da ita. Waƙa 14 suka yi a zama ɗaya, shida daga ciki na wasu ne, kuma suka ƙi yin Smells Like Teen Spirit, waƙar da ta fitar da su duniya. A waƙar ƙarshe, Where Did You Sleep Last Night, tsohuwar waƙar gargajiya da aka fi sani ta bakin Lead Belly, muryar Kurt Cobain ta haura har ta dusashe. Gab da ƙarewa ya tsaya, ya ja numfashi, ya buɗe ido. Daga nan ya ƙi komawa ya ƙara ko ɗaya.

Cobain ya kashe kansa a watan Afrilu na 1994, yana da shekara 27, kuma tun daga lokacin mutane suke kallon faifan kamar zaman makoki. A ganinmu wannan ya rage masa daraja. Faifan DVD na 2007 ya kawo zaman gaba ɗaya, har da waƙoƙi biyu da talabijin ta cire da hirarrakin tsakanin waƙa da waƙa. A can za ka ga mutum mai barkwanci, mai jin tsoron kada ya ɓata waƙa, yana juyi a kujera yana tsokanar abokansa. Mai rai ne yake aiki. Mutuwar daga baya ta zo, mu ne muke ɗora ta a kan hoton.

Wanda muka fi so duka shi ne na biyar, Stop Making Sense, na ƙungiyar Talking Heads, wanda Jonathan Demme ya ɗauka a watan Disamba na 1983 a gidan wasan Pantages da ke Hollywood, ya fito a 1984. Dandamali fayau ake farawa da shi, ana ganin tsani da bangon baya. David Byrne ya fito shi kaɗai da jita da rakoda. Waƙa ta biyu Tina Weymouth ta shigo da jitar bas. Sai Chris Frantz da ganguna, sai Jerry Harrison, a hankali har suka cika tara, ma'aikata sanye da baƙaƙen kaya suna turo kayan kiɗa a gaban idonka. Duk mai rubuta manhaja zai gane wannan tsari: ka fara da ƙaramin abu mai aiki, ka ƙara ɗaya, ka tabbatar bai rushe ba, ka sake ƙarawa. Kafin a kai tsakiya ka san aikin kowane hannu, domin ka ji yadda kiɗan yake kafin shigowarsa.

Shi ma ba tsarkakakke ba ne. Daga darare daban-daban aka harhaɗa shi, kuma bugun da ake zaton daga rakodar nan yake fitowa, na'urar ganga ce ake kunnawa daga teburin masu sauti. Amma Demme ya yi abin da Scorsese bai cika yi ba: ya bar kyamara ta daɗe a wuri ɗaya. Mafi yawan waƙar Once in a Lifetime ɗauka ɗaya ce ba yanka. Bai nuna fuskokin 'yan kallo sosai ba sai can ƙarshe. Ana ganin gumi, ana ganin Lynn Mabry da Ednah Holt suna amshi suna gudu a tsaye tare da Byrne, ana ganin Bernie Worrell da Steve Scales suna kallon juna kafin su shiga. Wanda kunnensa ya saba da Fela Kuti zai ji wani abu da ya sani, kuma ba kuskure ya yi ba: ƙungiyar ba ta ɓoye cewa kiɗan Fela ya yi tasiri a kan faifanta na 1980, Remain in Light, ba.

Akwai wani dalili na sana'a da ya sa wannan fim ya dace da waya. Manhajar da ke matse bidiyo ba ta adana kowane hoto cikakke, bambancin da ke tsakanin hoto da mai bi masa take adanawa. Idan fitilu suna walƙiya, hayaƙi yana tashi, ana yanka kowace daƙiƙa, bambancin yana yawa, sai hoton ya farfashe ya koma 'yan murabba'ai idan data ta yi ƙasa. Fim ɗin Demme kuwa, da baƙin bango da farin haske da doguwar ɗauka, yana fita tas ko an rage kaifinsa. Shawararmu ita ce a rage hoto, a kyautata sauti. Lasifikar waya ba ta iya fitar da kaurin jitar bas, wanda ya kalla ba tare da abin sauraro a kunne ba, ya kalli Tina Weymouth amma bai ji ta ba. Kuma a daure a kalla daga farko har ƙarshe. Guntun daƙiƙa talatin da ake yaɗawa yana nuna inda aka kai ne, ba ya nuna yadda aka hau.

Abin da ya sa muka damu da wannan magana shi ne mu ne masu ƙera kayan goge kuskure. Irinmu ne suka rubuta manhajar da ke miƙe murya idan ta karkace, da wadda ke mayar da bugun ganga daidai kan layi. Kayan ba laifi ba ne. Mdou Moctar, bahagon mai jita daga Nijar, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da muryar da aka bi ta na'ura irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta katin waya waƙoƙin suka yaɗu a Sahara. Amma duk wanda ya ga bidiyonsa yana wasa kai tsaye, yatsunsa suna gudu a kan tsirkiya, mai ganga yana bin sa kamar za su kife, ya san a nan ne ake gane ko waye shi.

Nan gaba kaɗan zai yi wuya a bambance wasan da aka yi da wanda aka gyara, ko ma wanda ba a taɓa yi ba. Ranar da aka kai can, sandar da ta kuɓuce wa Nick Mason da maratayin da ya kwance wa Clapton su ne shaidar cewa mutum ne ya tsaya a wurin. Don haka roƙonmu ga masu ɗaukar mawaƙanmu a yau, a gidan biki ko a dandali, shi ne su kafa kyamara a inda za a ga hannun makaɗi, su bar ta ta daɗe, idan kuma murya ta dusashe ko kalangu ya saki, su bar mana wurin yadda yake.