Kunnen Mai Turi

Dattijon bai san sunan waƙar ba, bai kuma san wanda ya yi ta ba. Abin da ya zo da shi kawai ɗan guntun karinta ne, wanda ya maƙale masa a ka tun zamanin Seyni Kunce, lokacin da rediyo ɗaya ke tara unguwa guda bayan sallar lisha. Ya tsuguna gaban teburin mai turi a bakin tashar Matamaye, ya ajiye 'yar salularsa mai madannai, ya yi gyaran murya, ya rera ta hanci, ba kalma ko ɗaya. Ni da ke zaune ina jiran caji, dariya ta taso mini. Saurayin da ke bayan kwamfutar ko murmushi bai yi ba.

"Baba, da ganga a ciki, ko tsirkiya ce kaɗai?"

"Tsirkiya ce, ɗana."

"A Muryar Sahel kuka ji ta, ko a Kaduna?"

"Ta Yamai ce, ba ko shakka."

Ya buɗe wata jaka cikin wata jaka. Ta farko da ya sa, dattijo ya girgiza kai. Ta biyu, haka. Ta uku ko amo biyu ba ta yi ba tsohon ya ɗaga hannu, ya yi shiru kamar wanda aka kira da sunan yarinta. Wani mai gurmi ne na ƙasar Adar, an kwafo shi daga kaset ɗin da ya sha rana har sautinsa na rawa. Abin da aka biya bai kai kuɗin shayi da burodi ba.

Mai turi, a taƙaice, shi ne wanda ke zuba wa mutane waƙa da wa'azi da fim a katin waya. Kayan aikinsa ba su cika tebur ba: tsohuwar kwamfutar cinya, ma'ajiya mai girman tafin hannu, lasifika, damin igiyoyin caji, sai batir da farantin sola don ranar da wuta ta yi halinta. Masu irin wannan tebur sun yi yawa daga Damagaram har Kano, kuma mafi yawansu kwafi kawai suka iya. Gwani a cikinsu daban yake, kuma gwanintarsa a kunne take, kwamfuta 'yar rakiya ce.

Matamaye ta dace da sana'ar. Ita ce hedkwatar gundumar Kance, tana kan hanyar da ta baro Takeita ta gangara Ɗan Barto, ta tsallaka Kwangwalam ta nufi Daura da Kano. Duk abin da ya bi wannan titi, rake ne ko atamfa, waƙa ma ta bi shi. Ko da aka rufe iyaka a watan Agustan 2023, motoci ne suka tsaya, waƙa ba ta nemi izinin kowa ba. Sabuwar Hamisu Breaker ko Ado Gwanja ko Nura M. Inuwa kan iso kafin ƙurar fitowarta ta lafa, amma wannan kowane yaro mai WhatsApp yana da ita. Darajar mai turi tana wajen waƙar gefe, wadda gidan rediyo ya daina sawa ko bai taɓa sawa ba: Mu'azu Ɗan Alalo a fadar Damagaram, Sa'adu Bori na Maraɗi da ya rasu a 2008, Ɗan Anace yana zuga 'yan dambe, jitar Buzaye da aka ɗauka a wani biki a Agadas, ko Malam Mamman Barka, ɗan Teskar a wannan jiha tamu ta Damagaram, malamin makarantar da ya je ƙasar Buduma a bakin tafkin Cadi ya koyo biram mai tsirkiya biyar don kada ta mutu tare da tsohon da ya rage yana kaɗa ta.

Aikin da ya fi cin rai, kuma ba mai gani, shi ne raɗa suna. Waƙa tana iso wa mai turi tsirara. Ta bi ta Bluetooth daga waya zuwa waya, ta bi ta Xender, ta faɗa wani zauren WhatsApp, a kowane zango tana zubar da wani abu, har ta zo ba ta da komai sai jerin lambobi. Wata ma da sunan ƙarya take zuwa, don akwai masu liƙa wa kowace tsohuwar murya mai kalangu sunan Shata, su huta. Gwani yakan sa abin ji a kunne da dare bayan kasuwa ta watse, ya saurara. Yana gane kalangu daga kotso, taushi daga jauje, kuntigin Ɗan Maraya daga gurmin wani. Yana gane Hausar Gobir daga ta Damagaram ta yadda mawaƙi ya lanƙwasa kalma. In an ambaci wani sarki ko wani attajiri, nan ya samu zamanin waƙar. Wadda ta gagare shi yakan ajiye, ya jira ran kasuwa ya sa wa tsofaffi. Da haka jakunkunansa suke cika: makaɗan fada daban, na noma daban, na maza daban, amadar mata irin ta Barmani Coge daban. Malaman jami'a suna yin irin wannan rabo a littattafai, su sami digiri. Shi ya yi nasa ne don kada direba ya tsaya jira fasinja na masa tsawa.

Sai karanta mutum. Direban da zai kwana a hanya ba ya son waƙar minti huɗu, a ba shi Shata ko Ɗanƙwairo, waɗanda waƙarsu guda kan cinye tafiya mai nisa. Mai shayi yana son abin da zai riƙe masa majalisa. Matar da ta aiko ƙanenta da kati ta ce "na biki", gwani ya san akwai bambanci tsakanin na kamu da na wuni. Ba ya cika kati har wuya da abin da aka tambaya. Yakan bar ɗan gurbi a ƙarshe ya saka biyu ko uku da ba a nema ba, kamar gyaran da mai goro ke yi wa wanda ya saba. Ta wannan gyara ne saurayin da bai san komai ba sai waƙar fim zai dawo bayan mako yana tambaya, wane ne wannan mai jitar da ke kaɗawa da hagu?

Lissafin kati kuwa a kansa yake. Waƙar MP3 mai matsakaicin inganci tana cin wajen mega ɗaya a minti, don haka kati mai giga 2 zai ɗauki sama da awa 30. Ya san bidiyon da babbar waya za ta buɗe amma 'yar itel ta ƙi, sai ya rage shi. Ya san katin jabu, wanda aka rubuta 32 a jikinsa alhali cikinsa bai kai haka ba: yana karɓar waƙa kamar gaske, sai an je gida a tarar rabi ba ta buɗuwa. Mai mutunci yakan gwada ya gaya maka tun kafin ka biya. Kaset kuma in an kawo masa, sai ya goge kan rediyo, ya naɗe zaren da biro, in ya tsinke ya liƙe, ya ja igiya zuwa kwamfuta, ya zauna har fuska biyu su ƙare. Ba a gaggauta kaset.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne, ya dubi labarin Mdou Moctar, mai jitar hagun nan. Ba'abzine ne daga jihar Tawa, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki kundinsa Anar, da irin gyaran muryar da ake yi wa waƙoƙin fim na Hausa. Ba kamfanin da ya tallata shi. Katin waya ne ya ɗauke shi ya ratsa da shi Sahara. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya daga waƙoƙin a wayoyin mutane a arewacin Mali, ya sa ta cikin tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones, ya kuma sha wahalar bin sawun mawaƙan don ya biya su haƙƙinsu. A 2021 Mdou ya fitar da Afrique Victime a kamfanin Matador na Amurka, a 2024 ya hau dandalin Coachella a Kalifoniya. Haka Mamman Sani, wanda ya ɗauki kiɗan organ ɗinsa a kaset a 1978, 'yan Nijar suka shekara da shekaru suna jin sa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, sai a 2013 aka sake buga shi a faifai, Turawa suka yi ta saye. Abin da Kirkley ya yi, wato tsintar waƙa marar suna, a nemo mai ita, a ajiye ta inda ta dace, shi ne abin da ake yi kullum a kan teburin tasha.

Akwai dai inda gizo ke saƙa, kuma ba zan ɓoye ba. Kuɗin turi ba ya isa hannun mawaƙi. Akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA a Yamai, amma tsakanin ofis da teburin tasha akwai tafiya. Mawaƙan da ke kuka da wannan suna da gaskiya. Sai dai yawancin makaɗanmu tun asali ba da sayar da faifai suke ci ba, da fili suke ci: biki, suna, naɗin sarauta, liƙi a goshi. Kati shi ke kai sunan mutum ƙauyen da bai taɓa takawa ba, har ranar aurar da 'ya a aiko masa da goron gayyata.

Daga filin nan kuma sabon kaya ke dawowa tebur. Duk inda aka taru, hawan Salla a ƙofar fadar Damagaram da kakaki da algaita, gasar kokowa ta takobin ƙasa da makaɗanta, Biyanu a Agadas, taron makiyaya na Cure Salée a Ingal bayan damina, za ka ga hannuwa a sama riƙe da waya kusa da lasifika. Ɗauka ce mai ƙura, da guɗar mata da kukan babur a ciki. Mai turi yakan karɓa, ya datse farko da ƙarshe, ya ɗaga murya kaɗan, ya rubuta wuri da shekara. Guɗar ba ya taɓa ta. Na tambaye shi dalili, ya ce wanda ya je wurin ita yake nema.

Ran kasuwar da ta zagayo, dattijon nan ya dawo da baƙar leda cike da kaset na marigayi wansa, guda goma sha wani abu, wasu rubutun ajamin jikinsu ya koɗe. Saurayin ya jera su, ya gane wannan, ya gane wancan tun kafin a sa. Ɗaya ba rubutu ko kaɗan. Ya sa ta, muryar wata mace ta fito, da ƙwarya da tafi, can nesa jaki na kuka. Ya saurara har minti biyar, ya mayar baya, ya sake.

"Baba, wannan kam ta fi ƙarfina. Ku bar mini ita zuwa wani mako."

Yana faɗa yana murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa. Ya buɗe wata jaka a can ƙasan jerin, wadda ya sa wa suna "Ba a sani ba tukuna", ya ja igiyar rediyon ya soka.