Minti Biyun da Yara Ke Son Tsallakewa

A shagunan gem na Falgore da Rogo, inda ake biyan kuɗi da lokaci kuma janareta na shan mai, ƙwallo ce sarauniya. Yaron da ya ce a saka masa Assassin's Creed, dariya ake masa: ka biya kuɗinka don ka zauna kana jin surutun mutumin da ka riga ka soke? Manya kuma hukuncinsu ɗaya ne, wai wasan kisa ne kawai. Na fi ganin laifin yaran, domin su sun ga abin da idonsu, sun kuma raina wurin da ya fi ko'ina daraja.

Kamfanin Ubisoft ya fitar da na farko a 2007: Altaïr, a shekarar 1191, tsakanin Masyaf da Dimashƙa da Akka da Ƙudus, lokacin yaƙin 'yan Salibi. Aka yi uku a kan Ezio ɗan Italiya daga 2009 zuwa 2011, sannan aka bi ta Amurka, tekun Karebiyan, Masar, Girka, Ingila, har Bagadaza a Mirage na 2023.

Dabarar da nake karewa ita ce wannan. Idan ka cim ma wanda aka aike ka kashewa, sai garin ya ɓace, dogarai su ɓace, a bar ku ku biyu a wani fili fayau, shi yana kwance yana faɗin hujjarsa. A wasan farko ba ka da ikon tsallakewa. Garnier, likitan Akka da ka gani ya sa an karya ƙafafun majinyaci, zai ce maka mahaukata da marasa galihu ya kwaso daga titi yana yi musu magani. Talal mai fataucin bayi a Ƙudus shi ma cewa yake ceton mutane yake yi. Ba a ce ka yarda da su ba. Amma Altaïr, wanda aka tuɓe wa muƙami tun farkon labari saboda girman kai da kashe wani tsoho marar laifi, yana fita daga kowace hira da tambayar da bai shiga da ita ba. Mutum tara aka ba shi, kafin ya gama da su tambayoyin sun taru sun koma kan malaminsa, Al Mualim. Babu inda aka tsaya aka sanar da kai cewa jarumi ya sauya. A bakin maƙiyansa ka ji sauyin.

A wasa na biyu aka ƙara gyara ta. An rataye mahaifin Ezio da 'yan'uwansa biyu a Florence a 1476, yana ɗan shekara 17. Da ya kashe Vieri de' Pazzi, sai ya hau jijjiga gawar yana zagi, har baffansa Mario ya tsawata masa, ya nuna masa yadda ake rufe wa mamaci ido a yi masa fatan hutawa. Daga nan kalmar ta zauna a bakinsa. Mai kunne zai ji yadda take sauya nauyi: da farko umarnin baffa yake cikawa, daga baya da zuciya ɗaya yake faɗinta. A 1499, da ya kayar da Rodrigo Borgia a Roma, wanda shi ne tushen duk masifar, sai ya ƙyale shi da rai. Masu cewa wannan ƙarshe bai gamsar ba, ramuwa suka zo kallo, ba su lura da tarbiyyar da aka shekara ashirin ana yi a gabansu ba. Ɗan dambe ma idan abokin karawa ya taɓa ƙasa ya yi kisa ke nan, ba ya ƙara naushi.

Akwai masu fifita Odyssey na 2018, wanda aka yi a kan Girka, saboda faɗin ƙasa da yawan makamai. Faɗin banza. Maƙiyan sun yi yawa har da yawansu suna mutuwa ba su ce uffan ba, girman jarumi kuma ya koma lamba da ke hawa a saman allo. Origins na 2017 ya fi shi nesa ba kusa ba, domin Bayek uba ne da aka kashe wa ɗa, kuma ana barin waɗanda ya farauta su mayar masa da magana.

Abin da ke ci mini rai shi ne, tarihinmu ya fi dacewa da wannan dabara fiye da na Girka. Labaran jarumtarmu kirari ne: mai nasara ke magana, maroƙinsa na amsawa, wanda aka kayar ba shi da baki. Ɗauki basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, Tukurawa da Yusufawa, jikokin Dabo a kowane ɓangare. Yusuf ya rasu a Garko kafin a ci birni, Alu da ya gaje shi a jagorancin Yusufawa ya shiga Kano a 1894, Tukur ya mutu a 1895. Duk wanda zai mayar da wannan wasa, ko fim a Kannywood, ba sai ya ƙirƙiro mugu ba. Ya sa mu a sahun mahayan Alu, ya kai mu inda Tukur ya faɗi, sannan ya hana mu danna komai har sai Tukur ya gama faɗin dalilin da ya sa yake ganin sarautar tasa ce, tunda Sakkwato ce ta naɗa shi.